Tawadar da Ta Ƙi Kama Takardar Abdulmuttalib

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam da alƙalami, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk wanda ya taɓa durƙusawa a zauren Shehinmu na Gaya, masani mai tsantseni da gudun duniya, wanda Littafin Allah ya zauna daram a ƙirjinsa, Allah Ya ƙara masa yarda, ya san ba mai yawan magana ba ne. Kalma biyu zai faɗa maka, ka yi mako kana juya su a zuci. Sunansa ba zan ambata ba, don shi ya hana. Ƙarshen wannan karama da idona na gani, farkonta kuwa daga bakin mai ita na ji.

Shehu yana da ajin rubutu na magidanta mahaddata, masu burin rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Fatiha har Nasi. Sau ɗaya yake ba da izinin farawa a shekara, da an kai amfanin gona gida, kuma wanda ya samu a zauren yake tarewa har ya gama kafin ruwa ya sauka. Wanda ya rasa, sai baɗi. Kafin izinin yakan miƙa wa ɗalibi farar takarda a ninke biyu, ya ce ya je gida ya auna kansa: a dama ya rubuta inda hannunsa ya ƙware, a hagu inda yake da rauni.

A shekarar da nake faɗa, babu wanda ya kai Abdulmuttalib, wani manomin gyaɗa daga Kademi, kyan hannu. Haruffansa a tsaye suke reras kamar shukar da aka ja wa igiya, shi ma kuma ya san da haka, har ya ɗan fi sani. Ran nan kowa takarda ɗaya aka ba shi, shi kuwa Shehu ya ƙirga huɗu ya miƙa masa, ya ce, "Riƙe, za ka buƙace su." Bawan Allah ya hau babur ɗinsa yana murmushi, a zatonsa ƙwarewarsa ce ba za ta shiga takarda ɗaya ba.

Sai dai akwai abin da yake ɓoyewa. In ya zo kan ayoyi biyu masu kama da juna, hannunsa kan tsallake daga ta farko zuwa ta biyu, layi guda ya faɗi bai sani ba. Yayarsa Ummu Salma, mahaddaciya ce da ta dawo gida jinyar mahaifinsu bayan rasuwar mijinta, ita ke bin kowane shafi da yatsa tana gano giɓin, shi kuma ya sake sabo kafin ya kai Gaya. Shekara biyu Shehu bai ga shafinsa mai kuskure ba. Mahaifin nasu, Malam Barau, yanar ido ta rufe masa gani, ciwo ya kwantar da shi, kuma ba shi da magana sai ɗaya: ya riƙe Alƙur'anin da ɗansa ya rubuta kafin ya koma ga Mahaliccinsa.

Da hantsi Abdulmuttalib ya feƙe alƙalaminsa, ya cika dama da yabon kansa. A hagu ya rubuta cewa yana da ɗan nawa. Ya ajiye takardar ta bushe, ya je ya ba awaki harawa. Da ya dawo, rubutun dama yana nan baƙi wuluk, hagu kuwa fari fat, kamar alƙalami bai taɓa bi ta kai ba. Sai ya ɗora wa tawada laifi.

Washegari ya dama sabuwa, ya ƙara mata ƙaro, ya gwada a wata 'yar takarda ta kama sosai. Ya ɗauki takardar Shehu ta biyu, ya rubuta a hagu cewa yakan yi saurin gajiya. Wannan karon bai tashi ba, ya zuba mata ido, yana kallo haruffan suka dusashe ɗaya bayan ɗaya. Daga nan zama ya gagare shi. Ya tafi gona alhali babu komai a cikinta sai kara, ya dawo. Ya hau babur har kasuwar Ajingi, ya zaga rumfuna bai sayi ko allura ba. Aka kawo masa tuwo ya ture. Tsoro ne ya kama shi ƙwarai, ga kuma taurin kai. Ta uku da biro ya rubuta, wai ko abin na tawadar gargajiya ne. Shuɗin biron ma bai kai la'asar ba.

Ummu Salma ta same shi a gindin rumbu da takardu uku a cinya. Ta duba su, ta dube shi, ta ce, "Kai dai ka san abin da ka ƙi rubutawa."

Ya ce, "Yaya, in na rubuta, baɗi za a ce mini. Kina ganin Baba zai kai baɗi?"

Ta ce, "Wannan sanin na Allah ne. Amma a Gaya za ka tare, ni ina nan. Wa zai bi maka layi? Baba ba ya gani, duk abin da ka ɗora masa a cinya zai rungume. Da giɓi za ka ba shi?"

Daga cikin ɗaki tsohon ya yi tari, ya tambaya ko an ba da izinin. Abdulmuttalib ya ce, "Jibi ne, Baba." Ya ɗauki ta huɗu, wadda babu wata bayanta, ya cika dama da yabon kansa kamar na baya, ya rubuta a hagu: "Ina tsallake layi a ayoyi masu kama da juna." Ya ƙara a ƙasa: "Yayata Ummu Salma ce take gano mini, shekara biyu ina ɓoye wa Malam." Ya zauna yana gadinta har ta bushe. Tawadar ta tsaya baƙa ƙirin, shi kuwa ya ji a ransa ya rasa bana.

Ranar Alhamis muna zaune ya shigo, idanunsa sun faɗa, ya durƙusa ya miƙa takardar da hannu biyu, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, na yi laifi." Shehu bai buɗe ba tukuna, ya ce a hankali, "Uku na farko naka ne, wannan ce tawa." Sannan ya ce, "Ka faɗi gaskiya, sai dai ka ajiye rabinta inda ba wurinta ba." Ya warware takardar a gabanmu. Maganar tsallake tana hagu inda aka bar ta, amma layin da ke ɗauke da sunan Ummu Salma yana dama, a saman duk yabon da ya yi wa kansa, da hannunsa, da tawadarsa. Abdulmuttalib ya kifa kansa a tabarma ya fashe da kuka.

Shehu ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Na ba ku izini, ku biyu. Ba a nan za ka tare ba, ka koma ƙofar ɗakin mahaifinka. Kai ka ja baƙi, ita ta bi da jan wasali. Duk layin da ya faɗi, alƙalaminta zai tarar da wurinsa." Ba mu taɓa jin ya saki wannan ƙa'ida ga kowa ba kafin ran nan.

Wata biyar suka yi, tsohon yana kwance yana jin ƙarar alƙaluma biyu da gardamar 'ya'yansa. Hadarin farko na haɗuwa suka ɗora masa Mus'hafin a cinya. Ya shafa, ya shafa, ya ce, "Ina naka, ina nata?" Suka ce ai a layi ɗaya suke, Baba, ba sa rabuwa. Ya ce, "To, ku ɗora yatsana a kai." Suka kama yatsan tare suka bi da shi kan Fatiha, yana karantawa. Kwana tara bayan haka, gero bai ko tsiro ba, Allah Ya karɓi ransa.

Tsarki ya tabbata ga Wanda yake sanar da bayinSa na ƙwarai abin da Ya so daga ɓoye. Allah Ya jiƙan Malam Barau, Ya ƙara wa Shehinmu lafiya da nisan kwana da ɗaukaka, Ya amfanar da mu da albarkarsa, Ya ba mu ikon rubuta hagunmu da hannunmu tun kafin a karanta mana shi a gaban taro. Amin.