Shekaru Biyar da Rotimi Ya Zaftare

Akwai wani saurayi a garinmu Ijebu-Ode mai suna Rotimi Okusanya. Yana da digiri, yana da ƙwaƙwalwa, sai dai girman kansa ya fi digirin nauyi. Da aikin ofis ya ƙi samuwa, shekara biyar ya yi yana kula da wata gonar kaji a bayan gari, amma ko abokansa bai yarda sun sani ba.

Rannan wani kamfanin abincin kaji ya yi tallar neman mai kula da sito. Rotimi ya ƙwallafa rai, domin mahaifin budurwarsa Bisola ya ce ba za a sa ranar aure ba sai ya kama tsayayyen aiki, kuma haƙurin dattijon ya kusa ƙarewa.

Ya zauna rubuta CV. Ya ji ana cewa kamfanoni ba sa son wanda ya haura talatin, sai ya zaftare shekara biyar, ya koma ɗan ashirin da takwas. Gonar kaji ya share ta gaba ɗaya. A ƙasa kuwa ya rangaɗa sunan ƙungiyar tsararsu, har da cewa shi ne sakatare, don wannan abin taƙama ne ga kowane ɗan Ijebu.

Yayarsa Morenike ta karanta, ta ɗago kai.

"Rotimi, ina kajin?"

"Haba Anti, in rubuta kwasar kashin kaji a takardar ɗan jami'a?"

"To shekarun fa? Ni na goya ka fa. Yaushe ka koma yaro?"

"Kowa haka yake yi."

"To, Allah ya ba da sa'a, jariri."

Ranar intabiyu aka shigar da shi gaban shugabar ma'aikata, Madam Oduyemi. Ya rusuna ya gaishe ta. Ta bi takardar a hankali, sai yatsarta ta tsaya a layin ƙarshe.

"Ashe kai ne sakatarensu? Ƙanena ma ɗan ƙungiyar nan ne."

Rotimi ya washe baki, ya ɗauka ya samu hanya.

"Bana ya cika talatin da biyu," in ji ta, "kuma kullum kukansa shi ne ƙaraminku, shi kuke aika."

Duk Ijebu an san ƙungiyar tsara ba ta haɗa kowa sai waɗanda aka haifa cikin shekara uku a jere. Ɗan ashirin da takwas ko kujera ba zai taɓa a taronsu ba.

"Ɗana, ɗaya daga cikin biyun nan ƙarya ce. Shekarun ne, ko ƙungiyar?"

Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin ofishin. In ya musanta ƙungiyarsa, kafin yamma labari ya zaga gari, ba shi da sauran fuskar shiga cikin tsararsa.

"Shekarun ne, Ma," ya faɗa da ƙyar.

"Tun da ka gama karatu fa? Takardarka shiru. Barci ka yi?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗi maganar gonar. Ta shiga jefa masa tambayoyi: yadda ake jera buhuna kada su sha danshi, yadda ake gane masarar da ta fara fumfuna. Duk ya amsa ba gargada.

Madam ta cire tabarau ta ajiye, ranta a ɓace.

"Ka ga inda muka ambaci shekaru a tallarmu? Tun safe muke neman mutum ɗaya da ya taɓa shiga ɗakin kaji. Da ka rubuta wannan, da ba ka fita ofishin nan ba sai da aikinka. Amma makullin sito ba na ba wanda ya fara gaishe ni da ƙarya."

"Ma, don Allah..."

"Ka gaida gida."

Yana fitowa ƙofar kamfanin wayarsa ta yi ƙara. Bisola ce.

"Ya aka yi? Ga Baba nan kusa da ni, yana son ji daga bakinka."

Rotimi ya riƙe wayar a kunne, ya juya yana kallon ƙofar kamfanin da aikin ya kuɓuce masa.

Darasi: Kada ka ji kunyar aikin da ya ciyar da kai, kuma kada ka sa ƙarya a CV komai ƙanƙantarta. Rubuta abin da ka yi da abin da ka iya, domin wanda kake ɓoyewa wataƙila shi ake nema. Ku tura wa duk mai neman aiki da kuka sani, kafin ya kai tasa takardar.