Jan Fuskar Yaya Rahamatu

Yaya Rahamatu yayar maigidana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka kawo ni gidansu a Kusada daga Yashe, na tarar da ita a ɗakin da ke kallon nawa. Ta dawo gida ne da 'ya'yanta biyu bayan rasuwar mijinta. Shekarunta arba'in da 'yan kai. Mace ce mai tsafta da kyauta, kuma duk unguwarmu babu mai hannunta a ɗinkin hula. Da allurar nan take ci da kanta da 'ya'yanta, ba ta taɓa miƙa wa ƙanenta hannu ba. Aibinta ɗaya ne, ita ba a gaya mata. In magana ta fito daga bakin wanda ta girma, ko da gaskiya ce tsagwaronta, to ta zama raini.

Ni kuwa ba mai yawan magana ba ce. Karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba, ga kunyar baƙunta. Amma ina da kallo. Kullum in na gama aikin rana nakan zauna kusa da ita a inuwar itacen bedin da ke tsakar gida, tana ɗinki ina tsinkar zogale, ina satar kallon yadda allura ke shiga da fita a hannunta kamar ba ita ke tura ta ba.

A irin wannan zama na fara lura da fuskarta. Yaya mace ce mai hasken fata, to sai na ga kumatunta da karan hancinta sun ɗauki wani irin ja da ba nata ba. In ta tashi daga gaban murhu, ko ta dawo unguwa cikin rana, ko ta ci ɗanwake da yaji mai yawa yadda take so, sai jan ya ƙaru har goshi. Da farko yakan tafi kafin la'asar. Da tafiya ta yi tafiya sai ya daina tafiya.

Na yi kwana huɗu ina shirya maganar a raina. Ranar da na samu ƙarfin hali na ce, "Yaya, fuskarki fa ta yi ja."

Ta ɗago ta yi murmushi har da gyara ɗankwali. "Sai yau kika gani, amarya? Ai mu gidanmu jajaye ne. Kakarmu ta wajen uwa Bafillatana ce. Mijin naki ne kawai ya ɗebo baƙin babanmu."

Na buɗe baki in ce ba wannan jan nake nufi ba, amma ta riga ta shiga labarin yadda samari suka yi ta layi a ƙofar gida lokacin tana budurwa. Na koma ɗaki ina jin haushin kaina. Ta ɗauka yabo ne, ni kuma na kasa gyarawa.

Damina ta shigo. Jan nan ya zauna daram, sannan ƙananan ƙuraje suka feso a kai, wasu da farin baki. In rana ta haske ta, nakan ga wasu siraran jijiyoyi a gefen hancinta kamar jan zaren ɗinkinta. Ta fara ajiye kwanon ruwan randa kusa da ita, tana tsoma tsumma tana dannawa a kumatu. Na san zafi take ji, domin mai ɗinki ba ta jiƙa hannu a banza.

Wata rana ta je biki Kankiya ta dawo da wani ɗan man shafawa da wata mata ta sayar mata a gidan bikin, ko takarda babu a jikin robar. Sati ɗaya tana shafawa fuska ta lafa. Ta zo ƙofar ɗakina ta tsaya tana juya mani kumatu. "To, malama mai kallon mutane, yau mi kika gani?" Na ce na ga sauƙi, Allah Ya ƙara. Ashe lafawar ƙarya ce. Duk ranar da ta fasa shafawa sai abin ya dawo fiye da da, sai ta ƙara laftawa. Fatar ta yi sirara tana sheƙi, ko iska ta taɓa sai ta runtse ido.

Na sake gwadawa. Wannan karon na zaɓi kalmomina da kyau. Na ce, "Yaya, da kin daure kin je asibiti an duba maki fuskar nan. Na ga kamar tana damunki."

Ta ajiye hular a cinya. "Asibiti? In je in ce masu mi? In ce na tsufa? Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Mace in ta wuce arba'in jikinta canzawa yake. Girma ne. In kin kai sai ki gani."

Tun daga ranar kalmar ta zauna mata a baki. Zafin fuska, girma ne. Ƙuraje, girma ne. Ƙaiƙayi, girma ne. Na gaya wa maigidana a ɗaki. Ya ce, "Ke kin san Yaya. Ni da ta goya, in je in ce mata ta tafi asibiti? Bari dai in samu lokacin da take cikin raha." Lokacin bai zo ba, ga aikin gona ya sha masa kai.

Akwai wata tsohuwa mai kawo mana nono daga ruga, sunanta Inno. Ta kai shekara saba'in. Fuskarta duk tamoji ce, amma sumul take, babu tabo babu ƙurji. Ita ba ta jin tsoron kowa. Ranar nan ta sauke ƙwaryarta, ta ƙura wa Yaya ido ta ce, "Rahamatu, wa ya mare ki?"

Yaya ta yi dariyar yaƙe. "Shekaru ne suka mare ni, Inno."

"Shekaru? To ni da na haife ki fa? Dube ni da kyau." Ta ja fatar kumatunta da yatsu biyu ta sake. "Kin ga tsufa nan. Ya yamutsa ni, ya kwashe mani haƙora, amma bai taɓa yi mani zafi ba. Rana ta dake ni tun daga ruga har nan, fuskata ba ta ƙuna. Wannan naki ciwo ne, ɗiyata. Har idonki ya fara ja. Je ki a duba ki."

Raina ya yi sanyi, na ce yau dai wadda ta girme ta ta faɗa. Amma Inno na fita Yaya ta ja tsaki. "Mai tallar nono ta zama likita. In ta san magani ta fara mai da haƙoranta." Washegari ta ce a daina sayen nonon Inno, wai ruwa take ƙarawa.

Maganar ido kuwa gaskiya ce. Bakin fatar idonta ya kumbura ya yi ja. Tana yawan murzawa, tana cewa kamar yashi ya shiga. Ta bar inuwar bedi ta koma ɗinki a bakin ƙofar ɗaki, wai haske ya yi mata yawa. Ta ce kwallin da ta saya ne ba shi da kyau, ta canza wani. Da wannan bai yi ba ta ce, "Ai ido ma tsufa yake."

Ran nan na ga abin da ya tayar mani da hankali. Yaya ta ɗaga allura tana son zura zare. Ta lasa bakin zaren, ta kai, ya wuce gefe. Ta sake, ya wuce. Na ƙirga har sau tara. Matar da ke zura zare tana hira ba ta ko duba. Da ta ga ina kallo sai ta ce allurar ce kafarta ta toshe, ta jefar.

A nan na yi nawa kuskuren. Maimakon in tsaya in faɗi magana ko za ta zage ni, sai na ɓullo da dabara. Duk safiya in ta shiga wanka, sai in ɗauki gwangwanin ɗinkinta in zura zare a allura biyar ko shida, kowace da launinta, in soke su a jikin tsumma in mayar. Ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Na ɗauka taimako nake yi. Ashe rufa wa ciwon asiri nake. Wata uku muka yi a haka.

Mai karɓar hulunanta wani dattijo ne daga Kankiya, Alhaji Ɗanmaliki. Shekara goma yana ba ta aiki. Bayan kaka ya zo ya yi sallama a zaure, ta fita, ni kuma na kai masa ruwa. Na tarar ya shimfiɗa huluna uku a kan tabarma.

Ya ce, "Rahamatu, wa kika ba aikin nan?"

"Wa zan ba? Hannuna ne."

"Ba hannunki ba ne. Dubi nan, zare ya bar zane ya shiga inda ba a zana ba. Dubi nan kuma, shuɗi a wurin kore. Wanda ya ba ni aikin na ɗaurin auren ɗansa ne, ya maido mani." Ya ɗaga kai ya dube ta sosai, sai muryarsa ta sauka. "Subhanallahi. Mi ya sami idonki na hagu? Wani fari-fari nake gani a kan baƙin."

Yaya ta ɗauki hular ta kai kusa da hanci. Ta matsar da ita nesa. Ta rufe idon dama da tafin hannu ta duba da na hagu. Ta daɗe a haka. Sannan ta tattara hulunan ta shige gida ba ta ce masa ko sai an jima ba.

Da yamma ita da kanta ta kira ƙanenta ta ce gobe ya kai ta asibiti. Ta ce in raka su. A asibitin Kankiya aka duba ta aka ba mu takarda zuwa Katsina wurin likitan ido da na fata.

Likitar fatar mace ce, ba ta fi ni da shekaru masu yawa ba. Ta tambayi tun yaushe. Yaya ta ce kwanan nan ne. Likita ta juyo ta dube ni. Na ce, "Ya fi shekara ɗaya da rabi." Yaya ta harare ni, amma ba ta musa ba.

Likita ta ce ciwon fata ne sananne, yana da suna a turance, ban riƙe ba. Ta ce yakan kama mata masu irin shekarun Yaya, shi ya sa ake ɗauka girma ne. Rana da zafin wuta da yaji suna tayar da shi. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma ana kwantar da shi da magani mutum ya yi rayuwarsa. Da ta ga robar man nan sai ta girgiza kai, ta ce irinsa yana ɓoye jan na ɗan lokaci yana cin fatar. Likitan ido kuma ya ce ciwon ne ya hau ido, ya yi tabo a kan baƙin na hagu. Na dama za a cece shi. Na hagu zai daina ciwo, amma hazon ba lallai ya tafi duka ba.

Yaya ta ce, "Ɗinki fa?"

Ya ce, "Hajiya, da kin zo tun ido ya fara yi maki yashi-yashi, da magana ta bambanta."

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka ci rabinta. Can ta juyo gare ni, idonta ɗaure da auduga. "Ke da kike zaune da ni kullum, kina gani, mi ya hana ki buɗe baki da kyau ki gaya mani?"

Ina so in ce na faɗa, Inno ma ta faɗa. Amma na tuna alluran da nake zura mata a ɓoye. Na ce, "Ki yi haƙuri, Yaya."

Fuskar ta lafa bayan wata biyu da magani. Yanzu ni ke mata girki in wuta ta yi yawa, ba ta fita da tsakar rana sai da lema, ta rage yaji tana mita. Bayan sallah ƙarama ta ɗauko wata farar hula da aka zana ta zauna ta gwada. Tun hantsi har azahar tana kan layi ɗaya, tana ɗinkawa tana warwarewa, hawaye na zuba daga idon hagun. Da aka kira salla ta naɗe hular, ta rufe gwangwanin, ta ba ɗiyarta ta ce ta kai wa Alhaji Ɗanmaliki kayansa, ya nemi wata mai ɗinkin. Yanzu daddawa da kuka take ƙullawa a leda tana sayarwa a cikin gida.

'Yan'uwana mata, abin da nake so a ɗauka a wannan labari shi ne a san bambancin girma da ciwo. Girma yana zuwa a hankali, ya kawo tamoji da furfura, amma ba ya ƙuna, ba ya fesar da ƙuraje, ba ya sa ido ja. Duk jan fuska ko zafi ko ƙaiƙayin da ya zauna ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti tun da wuri, kada a lulluɓe shi da man da ba a san asalinsa ba. Wadda aka gaya wa gaskiya ta duba maganar, kada ta duba shekarun mai faɗa. Wadda kuma ta ga abu a jikin 'yar'uwarta ta faɗa a fili, ta maimaita ko za a yi fushi da ita, domin fushi yana wucewa, amma tabon ido zama yake.