Gilasan da Sallau ya ƙi zubarwa

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, ana ce da shi Sallau. Bawan Allah ne marar yawan magana. Aikinsa a asibitin masu tari shi ne wanke 'yan gilasan nan da ake shafa kakin majiyyaci a kai, a duba da madubin likita. Wanki kawai. Shekara goma sha ɗaya yana wanki.

To, ku saurara. Akwai wata Gwaggo Tabawa, mai shiƙar hatsi a kasuwa. An ba ta maganin tarin fuka wata shida, ta shanye, tari ya dawo har da jini. Aka sake ba ta, ya sake dawowa. Duk ranar da Malam Hashimu, shugaban ɗakin gwaji, ya duba kakinta, ba ya ganin ƙwayar tarin fuka, sai wani zare-zare mai rassa kamar saiwar ciyawa. Sai ya ɗaga murya.

"Sallau! Zo ka ga ƙazantarka. Wanki kake ko wasa?"

"Ranka ya daɗe, na wanke."

"Da baki ka wanke, ba da hannu ba."

Sallau ya koma bakin wankinsa. Amma ya lura da abu guda: zaren nan ba ya fitowa sai a kakin mutum biyar, Tabawa da wasu huɗu. Sai ya riƙa adana gilasansu a wani kwali.

Ana nan, sai labari ya zo cewa baƙi na tafe, likitocin ƙasashe daban-daban da suka haɗa kai suna neman wata cuta. Malam Hashimu ya kira Sallau ya ce, "Kwalin nan naka, na san da shi. Ka zubar yau. Ka kunyata ni gaban baƙi, ka nemi wani aikin."

Jama'a, Sallau mutum ne mai iyali. Ya ɗauki kwali zai kai bola, sai ya tarar da Tabawa a kan benci.

"Ɗan nan, me suka gani?"

"Da sauƙi, Gwaggo, in sha Allahu."

"Kullum da sauƙi. Ni kuwa zanena sai na ɗaura shi sau biyu yake tsayawa."

Ta yi dariya, dariya ta koma tari. Sallau ya dubi tsumman da ta toshe baki da shi, ya juya da kwalinsa.

Kashegari baƙi suka iso. Shugabarsu, wata likita 'yar Indiya, ta tambaya ta bakin tafinta ko suna ganin wani abu kamar zare a kakin mutane. Ta ce funfuna ce, irin wadda ke kama hatsin da ya sha danshi, takan shiga huhu ta zauna, a yi ta zaton tarin fuka ne.

Malam Hashimu ya ga in ya amsa, an gane shekarun da ya yi yana kuskure. Ya ce, "Babu. Sai dai datti, shi ma mun tsawata wa mai wankin."

Ku saurara da kyau. Sallau na bakin ƙofa da bokiti. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ban zubar ba. In dattin hannuna ne, ta yaya ya san mutum biyar, ya ƙyale sauran? Datti bai san suna ba."

Tafinta ya fassara. Likita ta ce a kawo kwalin. Ta duba, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ɗauki hoto ta aika wa abokan aikinta, ɗaya a Yuganda, ɗaya a Burazil. Kafin azahar amsa ta dawo daga ƙasa biyu, baki ɗaya: ita ce. Aka ɗebi jinin Tabawa aka tabbatar. Wata ƙasa ta aiko magani, wata ta aiko kayan gwaji, aka koya wa likitocinmu.

Cikin biyar ɗin, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Huɗu suka tashi. Damina ba ta ƙare ba Tabawa ta shigo asibiti da ƙafarta, tana yi wa 'yan layi faɗa su matsa mata.

Malam Hashimu kuwa, shi ma Allah ya saka masa da alheri, gaban kowa ya ce, "Malam Sallau, ka yafe ni." Sallau ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai duk neman lafiyarta muke."

To 'yan'uwa, ga darasin. Gaskiya ba ta da ƙarami. Manyan likitoci sun ƙetaro teku da iliminsu, amma da Sallau ya ji tsoron rasa tuwonsa, da sun koma yadda suka zo, Tabawa kuma sai kabari. Kai da ke zaune nan, akwai abin da ka gani a wurin aikinka, ka haɗiye don kada a ce ka cika baki. Wataƙila ran wani ne ka haɗiye. Ka faɗa, cikin ladabi, gobe da safe. Arziki na Allah ne, ba na oga ba.