Lissafin da Na Yi wa Izzuddeen

Jalo tsohon ɗalibina ne a nan Azare. Tun yana firamare bakinsa bai iya furta "ba ni da shi" ba. Shekararsa shida yana aiki a wata ƙasar Larabawa. Duk zuwan da zai yi gida sai ya zo da sabon agogo, ya zauna a majalisarmu yana ƙamshin turare, matasa na kallonsa.

Izzuddeen, ɗan ƙanwata Ya Gana, gyaran wutar lantarki yake yi. Yana da gonar gado a hanyar Gamawa, wadda ke ciyar da gidansu daga kaka zuwa kaka. Wata rana ya same ni da maganar tafiya can inda Jalo yake aiki.

"Kawu, kai ne malamin lissafi. Duba mini ko da riba."

Na tambayi Jalo albashin can, ya faɗa. Na juya shi zuwa naira, na ga ya ninka samun Izzuddeen sau bakwai. Shekara talatin da biyar na yi ina tsawata wa yara su karanta tambaya har ƙarshe, amma ranar ban tambayi kuɗin ɗaki ba, ban tambayi na abinci ba. Geron rumbu, da ruwan rijiya, da maƙwabtan da ke leƙo Ya Gana in ciwon ƙafarta ya tashi, duk ban sa su a lissafin ba, don ba a biyansu.

Ya Gana ta ce, "Yaya, gonar fa?"

Na ce, "Shekara ɗaya zai sayi biyu."

Aka sayar da gonar, Izzuddeen ya tafi. Bayan wata huɗu ya kira ni. Su takwas ne a ɗaki ɗaya. Haya da abinci da takardar zama suna cinye albashin. Fasfonsa yana hannun maigidan aikin, sai ya cika shekara biyu. Jalo ma a ɗakin yake kwana.

Da Jalo ya zo hutu bana, na tare shi a gaban jama'a.

"Faɗa wa yaran nan inda kake kwana. Sannan ka nemo wa ɗana hanyar dawowa."

Ya sunkuyar da kai. "Malam, albashin da na faɗa gaskiya ne. Sauran ba ka tambaye ni ba."

Na kai ƙararsa wurin mai unguwa, kuma ba zan janye ba sai Izzuddeen ya taka ƙasar nan. Amma Ya Gana, wadda ba ta taɓa awo ba a rayuwarta, yanzu da kwano take zuwa kasuwa. In na kai mata hatsi, godiya take yi har ƙasa. Da ma zagina ta yi.

Darasin shi ne, kafin ka bar gida don albashin wata ƙasa, ka tambayi abin da ke rage wa mutum a hannu, ka kuma san darajar abin da kake ci kyauta. Wanda aka nemi shawararsa kuwa, ya ji tsoron Allah ya bincika, domin wani ne zai ɗauki nauyin gaggawarsa.