Wadda Aka Bari a Gida

Akwai wani dattijo a tsibirin nan namu na yammacin Norway, sunansa Oddvar. Duk yaron da ya tashi a nan ya san fuskarsa, domin hotonsa na rataye a ɗakin addu'a, yana tsaye gaban wani ƙaramin asibiti a ƙasar Madagaska.

Mahaifinsa, wani masunci, shi ya kafa 'yar ƙungiyar bisharar da ta tura shi can. 'Ya'yansa biyu ne. Oddvar ya tafi, yayarsa Aslaug ta zauna.

Ƙungiyar ba ta da ofis, ba ta da ma'aikaci mai albashi. Matan masunta ne ƙarfinta. Kowace Laraba sai su taru a falon Aslaug, su yi addu'a, su sha kofi, su yi ta saƙa. Rigunan sanyi da safa a sayar da su a kasuwar baje koli ta ƙarshen shekara. Hulunan jarirai kuwa a cika kwali a aika, saboda asibitin a kan tsauni yake, sanyi na kashe bakwaini. Da wannan aka gina ɗakin haihuwa, aka haƙa rijiya, aka ɗauki nauyin 'yan mata masu karatun ungozoma.

Aslaug ta yi jinyar mahaifinsu har ya rasu, ta koma kan mahaifiyarsu. Ba ta taɓa aure ba. Shi kuwa Oddvar, duk sa'ad da ya zo hutu sai a cika ɗakin addu'a maƙil, ya nuna hotuna, tsofaffi na share hawaye. Ya yi aiki a can, babu mai musu. Amma yabo ya yi masa yawa, har ya fara ganin asibitin nan da hannunsa kaɗai ya tsaya.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, aka naɗa shi shugaba, aka kuma shirya bikin cikar ƙungiyar shekara arba'in. An gayyato manyan coci daga birni. Daga Madagaska kuma aka kawo Lalao, shugabar ungozomomin asibitin.

Ranar bikin Aslaug ta saka sabuwar riga, ta nufi layin gaba. Oddvar ya tare ta.

"Yaya, kujerun nan na baƙi ne. Kuma wa zai duba kofi? In aka bar wa Borghild, ruwan wanke-wanke za mu sha."

"Ina jin ka, sarkin surutu," in ji Borghild, aminiyar Aslaug, daga ƙofar kicin. "Kofin nawa dai shi ya biya maka kuɗin jirgi."

Aka yi dariya. Aslaug ta ɗaura zanin girki a kan sabuwar rigarta, ta shige.

Oddvar ya yi dogon jawabi. Ya gode wa manyan coci, ya gode wa matuƙin jirgin fito, har mai ɗaukar hoto bai manta ba. Da ya gama, Lalao ta miƙe.

"Baba Oddvar, matan garinmu sun aiko ni da gaisuwa ga masu saƙa hulunan nan. Ina so in riƙe hannunsu."

Oddvar ya yi dariya, ya ɗaga hannu. "Ai tsofaffinmu ne, 'yata. Abin ɗebe kewa ne kawai. Da su zauna gulma, gara su riƙe allura."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Bai lura ba, ya ci gaba. Ya ce zamani ya canza, ya samo matasa daga birni da za su buɗe wa ƙungiya shafi a intanet su nemo masu taimako. Taron Laraba ya yi nasa, a huta. Huluna ma ana samunsu da araha a kasuwar can.

Tagar miƙa abinci a buɗe take. Duk matan kicin sun ji.

Bayan an watse Borghild ta same shi a bakin ƙofa, idonta jajir.

"Oddvar, ka taɓa kallon yatsun yayarka kuwa? Ka ga yadda suka lanƙwashe?"

"Bar shi, Borghild," in ji Aslaug tana goge tebur. "Ya gaji ne."

Oddvar ya tafi gida yana ganin abin mata ne, gobe za su huce.

Ba su huce ba. Matasan birni suka yi 'yan watanni kaɗan, wannan ya samu aiki, waccan ta tafi karatu, shafin ya tsaya cak. Lokacin kasuwar baje koli ya zo, tebura suka kwana babu komai. Lalao ta fara kiran waya: magani ya ƙare, an sallami 'yan mata ɗalibai, janareta ya mutu.

Sai ga Oddvar yana bin gida-gida. Borghild ba ta ko ce ya shigo ba.

"Ba ka ce abin ɗebe kewa ba ne? To mun samu wani. Talabijin muke kallo."

"Don Allah, 'yar'uwa, jarirai ne a can."

"Mu muka fi ka sanin jarirai ne. Ba don kai muka yi ba, amma ba za mu yi a ƙarƙashinka ba. Je ka roƙi yayarka gafara tukuna, in za ka iya."

Wannan ne ya gagare shi. Ya iya wa'azi a gaban ɗaruruwa, amma duk sa'ad da ya doshi ƙofar Aslaug sai ya juya, ya ce sai wani makon. Ana haka mantuwa ta fara kama ta. Ta bar tukunya a wuta, ta fita cikin dusar ƙanƙara da silifa. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi a tsallaken teku. A shekarar ne aka rufe ɗakin haihuwar.

Wata Asabar ya daure ya shiga jirgin fito. Ya same ta zaune gefen taga, ta rame. Ya durƙusa gabanta da ƙyar.

"Yaya, ni ne. Na zo in ce na gode. Na yi miki laifi, ki yafe mini."

Ta yi masa murmushin da ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Daga coci aka turo ka?"

"Oddvar ne, Yaya."

"Au, ka san Oddvar? Yana Madagaska, ayyuka sun yi masa yawa." Ta jawo hannun rigarsa, ta rage murya. "Bari in faɗa maka wani abu. Ni aka fara kira zuwa aikin can. Na gama karatun ungozoma, har na haɗa akwatina. Sai Baba ya ce namiji ne zai tafi. Na yi kuka har na gode wa Allah. Amma kada ka gaya wa yaron, ka ji? Zai ji babu daɗi."

Oddvar ya fashe da kuka. Ta juya ta kira ma'aikaciya.

"'Yata, kawo wa mutumin nan kujera. Ga shi tsoho, an bar shi a ƙasa yana kuka."

Har ta rasu yana zuwa kowace Asabar, kullum yana neman gafara. Ba ta sake gane shi ba ko sau ɗaya.

Darasi: Duk wanda aka ɗaga shi ana tafa masa, ya sani akwai wani a baya da ya haƙura da nasa burin don shi ya tashi. Kada yabo ya sa ka raina mai yi maka hidima a ɓoye, kuma kada ka ɗage godiya ko neman gafara zuwa wani makon, domin mutum na iya kasancewa da rai amma maganarka ta daina isa gare shi. Idan akwai wanda ya tsaya a gida dominka, kira shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su ma su karanta.