Ruwan Bagaruwa a Tukunyar Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, an yi wani sarki mai yawan kyauta da saurin fushi. Ya ajiye fatar ragon da mahaifinsa ya yi layyar ƙarshe da shi, yana so a yi wa Alƙur'anin marigayin gafaka da ita. Sai ya sa aka kira Mantau, tsohon majemi.

Sarki ya ce, "Wannan fata ba ta shiga kwatarniyar yumɓu irin ta talakawa. Ga tukunyar baƙin ƙarfe da fatake suka kawo mini, a ciki za ka jeme ta."

Mantau ya dubi tukunyar. Tun yana yaro ya san ruwan bagaruwa da ƙarfe ba sa ga maciji: bagaruwar da ke hana fata ruɓewa, ita ce ke rikiɗewa ta zama baƙa da zarar ta sha ƙarfe. Amma wa ya isa ya kushe kyautar sarki a gaban fadawa? Ya faɗi ya yi godiya, ya ɗauki tukunya ya tafi.

Bayan kwana uku fata ta fito baƙa ƙirin. Fadawa, waɗanda ba su taɓa jiƙa ko fatar ɓera ba, suka ce raini ne. Mantau ya buɗe baki zai yi bayani, aka ce ya rufe. Kafin azahar an sare masa hannun dama.

Waziri Kwasau ba ya gari a ranar. Da ya dawo ya ji labari, ya sa aka kawo ruwan bagaruwa cikin ƙwarya biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tsoma tsinin mashinka a ɗaya, a bar ɗaya." Aka zauna ana kallo. Kafin la'asar mai mashin ta koma kamar tawada, ɗayar tana nan jawur.

Sarki ya sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya kori fadawan, ya hana a sake yanke hukunci ba a ji ta bakin mai sana'a ba. Sannan ya naɗa Mantau Sarkin Majema, ya sa aka jibge masa fatu ɗari a gabansa.

Tsohon ya daɗe yana kallon fatun, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na gode. Sai dai jima da hannu biyu ake yin ta."