Takardar da Ba Ta Hau Allo Ba

Akwai wani mutum mai shugabantar 'yan wani ƙaramin ofis da ke rubuta manhajar kwamfuta. Mutum ne mai fara'a da riƙon salla, abokan aikinsa kuma suna son sa. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa ba ya iya furta a'a. Kome aka roƙe shi sai ya ce, "Ba matsala," har kalmar ta zame masa suna.

Ofishin yana da tsarinsa. A bango akwai farin allo da ake manna 'yan takardu, kowace takarda aiki ɗaya. Duk sati biyu sukan zauna da wanda ya ba su aikin su zaɓi abin da za su iya gamawa, su manna, kullum da safe kuma su tsaya gaban allon kowa ya faɗi inda ya kwana. Sun kuma yi wa kansu doka: in sabuwar takarda za ta hau a tsakiyar wannan zango na sati biyu, sai wata ta sauka, kuma wanda ya ba da aikin ne zai cire ta da hannunsa.

A lokacin suna yi wa wata likita aiki, mai ɗan asibitin mata da yara. Damuwarta ita ce masu juna biyu da ke yin sammako su bi layi har rana ta take. Tana son kowace mace ta kama lokacinta ta waya, ta zo daidai sa'arta. Wannan aikin yana hannun Dogo, matashin da ya fi kowa saurin hannu a ofishin.

Wata rana Likita ta kira Ba Matsala. "Malam, ko za a sa hoton kowace ungozoma, matan su san wadda za su gani?"

"Ba matsala, Likita."

Ya dubi allon, ya ji nauyin ce wa babbar mace ta zo ta cire takarda saboda ɗan hoto. Sai ya tari Dogo a wajen butar shayi, ya rage murya. "Ɗan ƙaramin abu ne, ƙanena. Kafin shayinka ya huce ka gama."

Bayan hoto aka ce a ƙara saƙon murya na tuni. Bayan shi aka ce a sauya launi ya dace da fentin asibitin. Duk ta wajen butar shayi suka bi, babu wanda ya hau allo.

Gwaggo, dattijuwar da ke gwada duk abin da aka rubuta kafin ya fita, ita ta fara lura. A taron safe ta dubi Dogo ta saman tabarau. "Ɗan nan, takardarka ta yi saiwa a wuri ɗaya. Ko in kawo mata ruwa ne?"

Aka yi dariya. Dogo ya saci kallon shugabansa, shi kuwa ya ce, "Ana kai, Gwaggo, ba matsala."

"Allah Ya sa," in ji ta. "Ni dai ban ga abin gwadawa ba."

Ranar nuna aiki Likita ta zo da murnarta. Ta ga hotuna ta yaba, ta ji saƙon murya ta yi murmushi. Sannan ta ɗauki wayarta ta ce bari ta kama lokaci kamar mai ciki. Ta kama ƙarfe tara. Gwaggo ta gwada da tata wayar, ita ma aka ba ta ƙarfe tara. Dogo ya gwada, ƙarfe taran dai.

Likita ta ajiye wayar a hankali. "Na riga na gaya wa matan cewa daga farkon wata sun daina sammako."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ba Matsala ya ga laifin na shirin faɗa wa wanda bai ci ba bai sha ba, sai ya miƙe. Ya rubuta ayyukan nan uku a takardu, ya manna su a kan ta Dogo har suka rufe ta. "Ga inda lokacinsa ya tafi, Likita. Ni na karɓa, ni na hana su hawa nan, don na ji kunyar ce miki ki zaɓa."

Ta daɗe tana kallon allon. "Malam, ni a zatona kyauta nake samu. Da ka ce mini hoto ko layi, ai ko a mafarki ba zan zaɓi hoto ba. Kunyar da ka ji tawa, matan can ne za su biya ta da ƙafafunsu."

Farkon wata ya zo aikin bai kammala ba. Ba Matsala ya roƙi ya raka Likita ba da haƙuri. Ya ga matan a jere a baranda, wata ta dafa ƙugu, wata ta jingina da bango da goyo a baya. Babu wadda ta zage shi. Wata ma cewa ta yi, "Allah Ya ba ku sa'a, ɗana." Wannan addu'ar ta fi zagi yi masa nauyi.

Zango na gaba ba su taɓa komai ba sai kama lokaci. Gwaggo ta gwada ta sake gwadawa, ta ce ta gamsu. Barandar asibitin ta koma wurin shan iska.

Ba a jima ba Likita ta sake kira, tana son a ƙara wurin ganin sakamakon awo. Duk ofis aka kasa kunne.

"Ba matsala, Likita," in ji shi. Gwaggo ta zare tabarau. Ya ci gaba, "Sai dai ki biyo ta nan ki nuna mana wadda za ta sauka."

Dariyar Likita har ta cikin wayar aka ji ta. Dogo kuwa ranar ya sha shayinsa da zafinsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sabuwar buƙata ba laifi ba ce, don mai ba da aiki yakan gano abin da yake so ne ana cikin tafiya. Laifin shi ne a karɓe ta a ɓoye, a hana mai ita sanin abin da za ta ture. Lokaci amana ne, faɗin gaskiya cikin ladabi kuma ba rashin kunya ba ne. Duk wanda aka ɗora wa jagoranci, ya fito da kowane ƙari fili kowa ya gani, ya bar mai abu ya zaɓa da idonsa a buɗe. Allah Ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka.